Lemon da Aka Hana Ruwa Yana Ƙarami

Kai mai cewa a bari sai abu ya girma, zauna ka ji wani abu da har yau in na tuna raina ke ɓaci.

Wani mutum da ƙanwarsa, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya, suka gaji lambun lemo da injin ban-ruwa guda ɗaya. Da itatuwan suka zubar da fure, 'ya'yan lemon suka fito ƙanana kamar ƙwayar wake, sai yayan ya ɗauke injin ya kai gonar albasarsa. Ta bi shi har can tana roƙo, ganyen lemon na ta yaushi. Ya ce, "Ke, wannan ɗan mitsitsin abu me zai sha? In ya yi ƙwari na dawo da injin." Alhali a makonnin nan ne ake babban aikin. A cikin ɗan lemon, sinadarin gado da ke tsakiyar kowace ƙwayar halitta yana ta kwafar kansa, ƙwaya ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, kamar magini yana jera ɗakuna. Da zarar lokacin ya wuce, ginin ya tsaya. Abin da ya rage wa lemo kawai shi ne ya cika ɗakunan da ya samu da ruwa da zaƙi.

Sai da ya cire albasarsa tas sannan ya dawo da injin, yana hura hanci kamar ya yi abin kirki. Ya malala ruwa, ya zuba taki buhu-buhu. Amma rabin 'ya'yan lemon sun riga sun zube. Sauran kuwa suka sha ruwan da ba su da wurin zuba shi, ɓawo ya tsage, ƙudaje suka taru, lambu ya ɗauki warin tsami. Dillalai suka leƙo, suka toshe hanci suka juya. Matar nan ta tsinci fasasshen lemo ta jefa gabansa, ta ce, "Yaya, ga rabon marayu. Ɗauki ka sha!" Ya buɗe baki ya ce wai ƙaddara ce. Ƙaddara! Mutum ya saɓa inji a kafaɗarsa da rana tsaka, sannan ya ɗora wa ƙaddara? A shekarar nan marayun da ƙanzo suka kai damina.

Ai ba banza ba Hausawa suka ce, tun ran gini ran zane.