Hantar Ɓera Na Arba'in

A ɗakin gwaje-gwaje, Dakta ta tsaga cikin ɓera na arba'in. Hantarsa jawur, kamar ba a taɓa gasa shi da hasken radiyeshin mai lalata hanta ba. Waɗanda ta yi wa allurar kariya sun warke, amma wannan ko ɗigon magani bai samu ba, ga shi kuwa shi ma garau.

Ta jefar da wuƙar, ta shaƙe tsohon da ke kula da ɓerayen, ta maka shi da keji har leɓensa ya fashe.

"Baba, me kake ba su a bayan idona?"

Ya tofar da jini. "Abinci kawai, ranki ya daɗe. Ke kika ce in ɗaya ya mutu, a bakin aikina. To, duk wanda ya mutu, sabo nake ɗaukowa daga ɗakin kiwo."