Haɗin Hana Tsufa

Da likita ya ce ƙodar Baba lafiya lau take, 'yarsa ta sauke ajiyar zuciya. Tsohon ya daɗe yana haɗa maganin hana tsufa kala uku: ƙwayar 'yan China, tsimin tashar Agyaragu, da wani baƙin gari. Abokinsa da ya koya masa haɗin, makon jiya aka binne shi.

"Kun gani? Aikin haɗina ne!" in ji Baba, yana bugun ƙirji.

A gida, Mama mai dama masa haɗin kullum ta ja 'yar tasu zuwa bayan ɗaki.

"Zoɓo nake ba shi, da 'yar shuwaka don ɗaci. Haɗinsa kuwa nan nake zubarwa."

Ta nuna gindin gwandarsu. Gwandar ta bushe ƙayau.