Hoton Jana'izar Ok-ja

"Yaya, rage tamojin nan," in ji Mal-sun, ƙawar Ok-ja a ajin zanen tsofaffi. "Haka za ki tarbi masu zuwa ta'aziyyarki?"

Ok-ja ta shafe su tana ƙyalƙyala dariya. Fuskarta take zanawa, hoton da za a kafa ranar jana'izarta. Wannan ta ce baƙanta gashin, waccan ta ce ciko kumatun. Kafin yamma ta koma 'yar shekara sha takwas a hoton.

Sai tsoho Deok-bae, sabon shiga ajin, ya tsaya gaban hoton.

"Shekara sittin ina neman yarinyar nan."

Matan suka hau zungurar juna.

"Ita ta gudu da kekena a garin Mokpo," in ji tsohon.

Ok-ja ta ajiye burushi. "Malam, keken da ko birki ba shi da shi?"