Gudummawar Saudatu

"Wai ita ba ta son kwano, itace take so!" in ji Saudatu, ta yi jifa da katin bikin Rukayya, ɗiyar ƙanen babanta. A jikin katin an rubuta cewa duk mai gudummawa ya kawo dashen itace, za a dasa a filin ango a ƙauyen Mabai.

Duk Ƙanƙara zancen ke nan, kowa na sa wa Rukayya albarka. Saudatu kuwa da aka cika wa ɗaki da kaya bara, ba mai tuna bikinta.

"Itace ko? Za ta ga itace."

Ta sa aka sassare shingen bini-da-zugun da ya kewaye lambun zogalenta na bayan gida, aka loda a amalanke. Ranar biki mutane na sauke dashen mangwaro da gwaiba, ita ta zube sanduna gaban amarya.

"Ga tawa. Kya hura wuta."

Rukayya ta yi godiya. Saudatu ta koma gida tana dariya.

Bayan wata uku sai ga Rukayya ta yi sallama, bakinta har kunne.

"Yaya, Allah shi saka! Mijina Barau ya kafa sandunanki kewaye da filin, duk sun kama. Akuya ba ta cin su, ko dashe guda ba mu rasa ba. Ɗan tsinko mani zogalenki in yi kwaɗo mana."

Saudatu ta waiwaya bayan gida. Awakin maƙwabta na kwance inda zogalen yake a da, suna tuƙa.