Askin Tsohon Soja

Zauna ka sha ruwa tukuna. Tun daga tsakar gida nake jin kana ɗaga wa mahaifinka murya don ya kasa taka ƙafar nan yadda likita ya ce. Ban ga laifinka ba, wata uku kana jinya ba ka gaza ba, Allah ya saka maka da alheri. Amma bari in ba ka misalin wani tsohon soja da matarsa.

Mutumin nan ya daɗe da ajiye kaki, amma bai ajiye gyaran fuska ba, kullum safiya sai ya yi. Yana da abin aski na ƙarfe, irin wanda ake buɗe kansa a sa reza mai baki biyu, a wuyan abin askin kuma akwai zobe mai lamba ɗaya zuwa tara. In ka murɗa zoben sama, bakin rezar ya ƙara leƙowa, ya kwashe gashi tun daga tushe. In ka sauko da shi, bakin ya ɓuya, ya ɗebi kaɗan ya bar fata lafiya. Shi a bakwai yake aski, kuma duk wanda ya zauna da shi sai ya ji wannan labari. Rana ɗaya shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, hannun dama ya daina aiki, harshe ya yi nauyi. Kafin wata biyu furfura ta rufe masa fuska buzu-buzu. Ranar da ya ga kansa a madubi sai ya juya wa ƙofa baya, ya hana a shigo masa da 'yan dubiya. Abokansa su zo su zauna a zaure su gaji su tafi. Daga nan ya fara ture kwanon abinci, yana ramewa ana kallo. Ƙaninsa, wanda ke son a gama komai kafin shayi ya huce, ya ɗauki abin askin ya murɗa har tara, wai a yi ta ta ƙare. Ja biyu ya yi ya tsaga masa haɓa. Ga shi likita ya ɗora shi a kan maganin tsinka jini, sai da hankalin kowa ya tashi kafin jinin ya tsaya. Aka kira wanzami, da ya ji yadda aka yi sai ya naɗe zabirarsa, ya ce askarsa ba ta san rabin aiki ba, shi ba zai ɗauki alhaki ba.

Matarsa ba ta taɓa riƙe reza ba. Amma shekara talatin ita ke kawo masa ruwan zafi, ta tsaya da tawul a hannu, kuma ta ga abin da ba ya faɗa wa abokai: duk cika bakin nan, in ya iso maƙogwaro a hankali yake saukar da zoben zuwa biyu. Ta jira ciwon ya warke. Ta rage gashin da almakashi, ta gasa fuskar da ruwan ɗumi, ta shafa kumfar sabulu, ta sa zoben a ɗaya, ta fara aski. Da ya ji rezar ba ta ci sosai, sai ya yi gunaguni da harshensa mai nauyi, "Bakwai." Ta ce, "Na ji, maigida," ba ta kuwa taɓa zoben ba. Ta gama zagaye ɗaya ta wanke, ta sake kumfa, ta kai biyu. Washegari ta kai uku a kumatu, a wuya ta koma ɗaya. Gaskiya fuskar ba ta yi santsin da ya saba ba, in ka shafa za ka ji kaushi. Amma ko ɗigon jini babu. A rana ta uku ta riƙe masa madubi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya laluba da hannun hagu ya kamo hannunta ya riƙe, hawaye na bin inda ta aske. Ya so ya gode mata, bakin ya ƙi, sai albarka yake ta maimaitawa. Ranar Juma'a shi da kansa ya nuna a ɗauke shi a kai zaure, ya zauna cikin abokansa, ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Ka ga abin da ya sa Hausawa suka ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.