Saƙon da Sha'aibu Bai Saurara Ba

Sha'aibu ya daɗe yana jan tasi tsakanin garin Lafiya da ƙauyukan bayan Agyaragu, kuma babu abin da yake taƙama da shi kamar sanin hanya. Ramin da ke gaba ma sai ya faɗa maka kafin ku iso shi.

Da direbobin tasharsu suka buɗe zaure a WhatsApp, abin ya karɓe su sosai. Nan ake sanar da inda fasinja suka taru, da mai neman shatar mota zuwa Doma ko Shabu, da inda hanya ta lalace. Muhyiddin, sakataren ƙungiyarsu, har wajen mai shayi ya bi Sha'aibu ya sa lambarsa a ciki.

"Malam Sha'aibu, ka riƙa leƙawa da safe. Kawo wayar ma in nuna maka yadda ake tura wa mutum lokeshan, ya ga inda kake."

"Kai, raba ni da surutu! Tun kana firamare nake bin hanyar nan. Waya ce za ta koya mini tuƙi?"

Wayar kuwa babba ce, sabuwa fil, amma ban da kira da kallon barkwanci ba ya komai da ita. Ya sa aka kashe masa ƙarar zauren, saƙonni suka yi ta taruwa ba mai buɗewa.

Wata safiya cikin damina, bayan an kwana ana tafka ruwa, ya kai fasinja kasuwar wani ƙauye ta kan kwalta. Yana cikin sauke kaya sai ga Wandoo a guje, ko ɗankwali babu. Ya san ta, shi yake kai mata doya Lafiya duk mako.

"Oga direba, abeg, taimake ni! Maciji ya sari maigidana a gona. Mai kemis ya ce babu allura a nan, sai Lafiya!"

Aka kinkimo mijin nata, Terngu, aka kwantar da shi a kujerar baya, kansa a cinyarta. Ƙafar ta kumbura, gumi yana keto masa.

Hanya biyu ce. Ta kwalta tana da zagaye, ta cikin gonaki kuwa yanke ce, sai dai akwai kwalbati a kan wani rafi. Sha'aibu ko tunani bai tsaya yi ba ya karya kan mota cikin gonaki.

"Kwantar da hankalinki, Madam. Wannan hanyar kamar tsakar gidana take."

Mota tana tsalle, taɓo yana fantsama. Wandoo tana ta kiran sunan mijinta, shi kuwa idanunsa sai lumshewa suke yi, numfashinsa yana sama-sama.

"Direba, ƙara gudu! Ba ya amsa ni da kyau!"

Suna shan kwanar ƙarshe Sha'aibu ya taka birki da ƙarfi. Babu kwalbati. Ruwa ya tafi da shi gaba ɗaya, sai jan ruwa ke ambaliya yana tafe da rassan itace.

"Innalillahi!" Ya sa ribas da sauri, tayoyin baya suka nutse. Ya ƙara ba ta wuta, ta ƙara zama. Ya fita ya tura har ya faɗi cikin taɓo, motar ko gezau.

Ya ciro waya ya kira Muhyiddin.

"Ka taimaka, mota ta kafe, ina ɗauke da wanda maciji ya sara!"

"Subhanallahi! Kana ina?"

"Cikin gonaki, bakin rafi, kusa da wani mangwaro."

"Wane mangwaro, Malam Sha'aibu? Hanyoyin gona nawa ne a wajen nan? Akwai motocinmu a Agyaragu yanzu haka. Turo lokeshan!"

Sha'aibu ya zuba wa wayar ido. Ya danna nan, ya danna can, sai ga bidiyon barkwanci ya buɗe, ana ta ƙyaƙyata dariya. Wandoo ta dube shi, kallon da har ya mutu ba zai manta ba.

Direbobi suka bazu cikin daji suna kira, shi yana kwatance da baki. Wannan ya ɓulla wata gona, wancan ya dawo baya. Kafin motar farko ta same su, Wandoo ta daina cewa a yi sauri. Tana zaune ne kawai tana shafa kan Terngu, wanda ya riga ya cika.

Da yamma Sha'aibu ya zauna a tasha, taɓo ya bushe a jikinsa. Ya buɗe zauren nan a karon farko. Akwai hoton rafin da wani direba ya sa tun da sassafe, ƙarƙashinsa kuma saƙon murya daga Muhyiddin. Ya danna.

"Jama'a, kwalbatin hanyar gona ya tafi, kowa ya bi kwalta. Malam Sha'aibu, da kai nake musamman, don na san kana son yanken nan."

Ya kife wayar a cinyarsa, ya fashe da kuka a gaban kowa.

'Yan'uwa direbobi, wayar da ke aljihunku kayan aiki ce kamar birki da sitiyari, ku koyi amfani da ita tun kafin ranar buƙata. Wanda ya ce ya fi ƙarfin koyo, fasinjansa ne ke biya da ransa.