Jajayen Tsutsotsin Bakin Tafasa

Sallau, ka ce za ka ɗauko mahaifinka daga ƙauye ka kawo shi birni, tunda abokinka ya ɗauko nasa, tsohon har ya yi ƙiba. To zauna in ba ka misali.

Wani masunci ne daga ƙasar Yawuri ya tafi Makka a ƙasa, zamanin da ake shekara bakwai a hanya. A dawowa ya yada zango bakin Bahar Maliya, ya kama sana'arsa ta su, bai ƙara gaba ba. Nesa kaɗan da gaɓa akwai wani wuri da ruwan bai wuce ƙirji ba, yana tafasowa daga ƙarƙashin yashi, da zafi, da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Duwatsun wurin cike suke da tsutsotsi iri-iri, kowace ta gina wa kanta siririn ɗaki kamar karan alkama, tana leƙo da kai. Na gefe farare ne da masu ruwan ɗorawa, wasu ɗakinsu na yashi, wasu kamar na farar ƙasa. Na bakin tafasar kuwa jajaye ne wur. Su yake zuwa kallo, don suna tuna masa jan furen bishiyar gurjiyar ƙofar gidansu, wadda ya san shi da ita sai a lahira. In ya tsaya a kansu kewar gida ta taso masa, sai ya share hawaye ya koma ga komarsa.

Da tsufa ya zo, hannu ya gaji da tuƙin kwalekwale, ya ɗauko dutse guda mai fararen ya ajiye a wani kwarmi mai ruwan sanyi gaban bukkarsa. Suka zauna lafiya, har suka yaɗu. Wani ɗan garin ya ce masa, "Alhaji, jajayen nan dai ka bar su inda ka gan su." Ya yi dariya. Shi a wurinsa tsutsa tsutsa ce, kamar tanar da yake tonowa a bakin kogin Kwara can gida. Tausayinsu ma yake ji, bayin Allah suna zaune cikin zafi da wari. Ya kwashe duwatsun jajayen kaf, ya kai su kwarmin. Kwana uku babu wadda ta leƙo. Ya ɓalle ɗaki guda ya hura, iska ta fita ta ɗaya gefen. Ashe zafin nan da warin nan su ne tuwonsu. Ya koma bakin tafasar ko zai ga saura, ya tarar da yashi kawai. Har ya rasu bai sake ganin jan nan ba.

Ni na san tsohonka tun muna kiwo tare, ban taɓa jin ya yi kuka da zafin garinku ba. Kafin ka tura mota, je ka zauna gabansa ka tambaye shi. Kama da wane ba ta wane.